Karen maigida da lambun uwargida

Wasiƙar da ta iso mana:

"Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Zariya. Ina da ɗan lambu a kusurwar tsakar gida, tsawonsa kamar mita 6, faɗinsa 4, katanga ta tare shi ta gefe biyu. Ina shuka alayyafo, latas, tumatir, albasa, attarugu da kuɓewa. Bayan ɓarayi sun haura mana, maigida ya kawo kare, yanzu watansa takwas da haihuwa. Da rana yana ɗaure a gindin katanga, da dare a sake shi. Tun da zafin nan na Afrilu ya shigo, kullum na tashi sai in tarar ya tone fangali, ya kwanta a kan latas, ya yi kashi a cikin alayyafo. Tumatir ma sai zubar da fure yake yi. Na barbaɗa barkono, na watsa kafur, yara sun dake shi, duk a banza. Surukata ta ce ba za ta ƙara cin ganyen ba, wai najasa ne. Maƙwabciyata kuma ta ce in bar kashin, ai taki ne. Na ce wa maigida ko kare ko lambu, ya ce kare ba inda za shi. Yarana uku a wurin suke wasa. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kiyaye gaba, ya kuma sa albarka a lambun. Ba sai an kori ɗaya ba, kare da lambu suna zama gida ɗaya. Amma kafin mu zo kan tono, wanda shi ya fi ɓata miki rai, akwai abu biyu a wasiƙarki da suka fi shi haɗari.

Na farko kafur. Yau ɗin nan ki bi ki tsince shi kaf, har wanda ya fara narkewa a cikin ƙasa. Farin dunƙulen nan ga yaro ƙarami alewa ne, ga kare kuma abin tauna, kuma wanda ya haɗiye shi yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini. Ba ya hana kare shiga wuri, sai dai ya gurɓata ƙasar da kike cin ganyenta. Barkono kuwa ban ruwa ɗaya ke wanke shi, kafin nan ya shiga idon kare ko idon yaron da ya yi wasa da ƙasar.

Na biyu shawarar maƙwabciya. Kada ki bi. Kashin shanu, na awaki da na kaji taki ne idan sun ruɓe. Na kare ba ya cikin sahunsu, saboda yana ɗauke da ƙwan tsutsar da ke kama mutum. Yawancin 'yan kwikwiyo da macijin ciki ake haihuwarsu, tun a cikin uwa suke ɗauka, kuma tsutsa mace ɗaya tana iya zubar da ƙwai har 200,000 a rana. Ido ba ya ganinsu. A ranar da aka yi kashin ƙwan bai isa cutarwa ba, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa mai laima sannan ya nuna, kuma daga nan yana iya shekaru yana jira. Fangalin da ake ba ruwa kullum shi ne wurin da ya fi so. Yaro ya yi wasa, ya sa hannu a baki, tsutsar ta ƙyanƙyashe a cikinsa ta bi jini zuwa hanta ko huhu, wani lokaci har ido. Akwai kuma wata da ke huda tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta bar wani jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi kamar an ja zare a ƙarƙashin fata.

Wannan jinkirin na mako biyu shi ne rufin asirinki. Kashin da aka kwashe a ranar da aka yi shi bai samu damar yaɗa waɗannan tsutsotsi ba. A ware shebur ɗaya ko tsohuwar fartanya da ba a komai da ita sai wannan aiki, kowace safiya kafin yara su fito a zagaya gida a kwashe, a haɗa da ƙasar da ke ƙarƙashinsa kamar kaurin yatsu uku. Idan kuna da masai na rami, can ya fi dacewa. Idan babu, a haƙa rami mai zurfin ƙafa uku nesa da rijiya da lambu, a riƙa zubawa ana rufewa da ƙasa, a ɗora murfi mai nauyi. Kada ya shiga tarin takin gida, don zafin da tarin gida ke yi bai kai ya kashe ƙwan nan a kowane lungu ba.

Ganyen da ke lambun yanzu kuwa, raba shi gida biyu. Duk tushen da kashi ya taɓa kai tsaye, a tuge a yar. Alayyafo, kuɓewa da attarugun da za su shiga tukunya, a wanke su sosai a dafa, wuta tana gamawa da ƙwan. Latas ne matsala, tunda ɗanye ake ci kuma a ƙasa yake kwance. Ki haƙura da na wannan zagayen, dama zafi ya sa ya fara tsawo yana ɗaci. Kada ki dogara da ruwan gishiri ko ruwan kal, ba sa kashe ƙwan tsutsa. Abin da ke raba shi da ganye shi ne cuɗawa ganye-ganye a ruwa mai gudu, ba jiƙawa a roba ɗaya ba. Fangalin latas ɗin, tunda ya zama fanko, ki yi amfani da ranar Afrilu: a kaftu shi, a jiƙa shi sharkaf, a shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, a danne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, a bar shi mako huɗu zuwa shida. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashinta yana rage ƙwan tsutsa, irin ciyawa da tsutsar saiwa gaba ɗaya.

Maganar Hajiya surukarki tana da tushe, kada ki yi musu da ita. Kashin kare da fitsarinsa najasa ne, babu saɓani. Jikin kare mai rai kuwa, a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasar Hausa, ba najasa ba ne, sai dai kwanon da ya sha ruwa a ciki a wanke shi sau bakwai. Najasar da ta taɓa ganye ruwa yana gusar da ita. Amma wannan magana ta fi daɗi daga bakin malamin da take girmamawa, ta hannun ɗanta. Ke naki ki bari ta ga shinge ya tsaya, ta ga karen yana da kwanonsa da ba ya haɗuwa da na gida. Zuciyar tsohuwa ta fi saurin kwanciya da abin da ido ya gani.

Yanzu tono. Ruwa ba ya tsami banza, kuma ke da kanki kin faɗi dalilin: tun da zafi ya shigo. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, haki yake yi da harshe waje, sauran zafin kuma sai ya manna cikinsa da wuri mai sanyi. Dabbar da ta wuni a ɗaure a gindin katangar bulo, katangar ta sha rana tana huci har bayan isha, idan aka sake ta ina za ta nufa? Duk gidan babu wuri mai sanyi kamar fangalin da kika ba ruwa da magariba. Ya tone saman, ya kai ga ƙasa mai ɗanshi, ya kwanta. Duba ramin da kyau: idan mai faɗi ne marar zurfi, daidai jikinsa, sanyi yake nema. Idan siriri ne mai zurfi a gindin katanga ko gindin shuka, ɓera ko gafiya yake bi, ko kuma ya ji warin wani abu da aka binne. Ɗanyen kashin kaji, ruwan wankin kifi ko nama, ƙashi, ɓawon ƙwai da ragowar tuwo da wasu ke zubawa a matsayin taki, duk kira ne ga hancinsa. Takin dabba sai ya yi wata biyu zuwa uku a tare yana ruɓewa, warinsa ya koma na ƙasa, sannan ya shiga fangali.

Saboda haka a ba shi abin da yake nema a wani wuri. A ɗauke shi daga gindin katangar nan zuwa inuwa ta gaske, gindin bishiya ko rumfar zana. Rumfar kwano zalla tanda ce, sai an ɗora mata ciyawa ko buhu a sama. A ƙarƙashin inuwar a haƙa wuri mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da rabi, zurfin ƙafa ɗaya, a cika da yashi. A watsa masa bokiti ɗaya na ruwa da tsakar rana, ɗaya kafin a sake shi da dare. Kwanakin farko a ɗan binne masa abin da yake so a cikin yashin yana kallo, idan ya tona a yaba masa. Ruwan sha kada ya yanke: kare mai kilo 15 yana shan kusan lita ɗaya a rana, a bazara ya ninka, kuma a kwano mai nauyi ko wanda aka dasa a ƙasa, don na roba minti biyar ya kifar. Ke kuma ki mayar da babban ban ruwa zuwa sassafe. Idan zafi ya sa dole a ƙara, a yi da la'asar, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, wanda zai rage miki yawan ruwan ma.

Duka kuwa a daina. Kare yana haɗa hukunci ne da abin da yake yi a daidai lokacin. Ya yi tono ƙarfe biyu na dare, an dake shi ƙarfe bakwai na safe, abin da ya koya kawai shi ne yaran gidan nan abin tsoro ne. Kare mai wata takwas da ke tsoron yara kuma a ɗaure, ba hanyar gudu, shi ne wanda wata rana zai kai cizo. Idan an kama shi yana cikin yi, tsawa ɗaya da kalma ɗaya da kowa a gidan ya amince da ita, kamar "bari", sannan a ja shi zuwa yashinsa. Kuma wuni a sarƙa yana tara masa ƙarfin da sai ya sauke shi a wani wuri. Rabin awa na tafiya da igiya ko guje-guje da yamma yana rage ɓarnar dare sosai.

Duk da haka kada ki yarda horo kaɗai zai tsare lambu alhali kowa yana barci. Shinge ne maganin, kuma naki mai sauƙi ne tunda katanga ta ɗauke miki gefe biyu. Saura mita 10. A sayi waya mai raga mita 12, mai tsayin ƙafa biyar. Siririyar wayar kejin kaji ba ta daɗewa a bakin kare, a nemi mai kauri irin ta shingen gona. A haƙa siririn rami zurfin ƙafa ɗaya a layin shingen, a saka ƙasan wayar a ciki a mayar da ƙasa a daddanne, ƙafa huɗu su rage a sama. Nan ne mutane ke yin asara: su kafa waya a kan ƙasa, dare ɗaya kare ya tone ya bi ta ƙarƙashi. Idan ƙasar ta yi tauri, a lanƙwasa ƙafa ɗayan nan ta kwanta a ƙasa ta ɓangaren da karen yake, a danne da bulo ko duwatsu. Turaku bakwai sun isa har da na ƙofa, kowane mai tsawon ƙafa shida, biyu a cikin ƙasa, tazarar mita biyu. Na ƙarfe ya fi, don gara ba ta barin itace a wurin da ake ban ruwa. Kada a shafa wa itacen baƙin mai, ƙasar abinci ce. Ƙofa ta zama mai sakata, a jera bulo a ƙarƙashinta, kuma a kula da inda waya ta haɗu da katanga, tazarar tafin hannu ta ishe shi. Kada a bar durom, tarin bulo ko turmi kusa da shingen, matakala ce.

Idan kuɗin bai kai ba a yanzu, darnin kara ko zana zai yi, muddin an bi ƙasansa da waya mai tsayin ƙafa biyu. Amma kada kowa ya ba ki shawarar dasa cini-da-zugu ko aguwa a matsayin shinge a gidan da ke da yara da kare. 'Ya'yan na farko guba ne, ƙaron ta biyu yana ƙona ido da baki. Zurma da zaƙami ma idan sun fito da kansu a tuge.

Wurin bayan gida ana koya masa cikin mako biyu zuwa uku. A zaɓi lungu nesa da lambu da madafa, a ajiye ɗan kashinsa a can. Kare yakan nemi yin kashi jim kaɗan bayan ya ci, saboda haka a tsayar da lokacin abinci, safe da yamma, a kai shi lungun da igiya bayan kamar minti 20, a tsaya har ya yi, a yaba masa nan take. A kafa masa guntun kututture a wurin, namiji yana son abin da zai ɗaga ƙafa a kai. Fitsarinsa a lambu yana da alama: tsakiya ta ƙone ta yi ruwan ƙasa, zagayen kuma ya yi kore shar fiye da sauran, kamar inda aka zuba takin zamani ya yi yawa. Dalilin ma ɗaya ne. Idan kin gani da safe, bokiti guda na ruwa a wurin yana ceto saiwar.

Furen tumatir kuwa, a nan an ɗora wa kare laifin da ba nasa ba. Idan zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, furen tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya, sai ya bushe daga wuya ya faɗi. Ko babu kare a unguwar haka zai yi a Afrilu. Inuwar buhu ko zana ta ɓangaren yamma tana ɗan taimakawa. Idan kuma shukar tana yaushi da rana alhali ƙasa a jiƙe take, tuge ɗaya ki duba saiwa: ƙulle-ƙulle kamar carbi alamar tsutsar saiwa ce, kuma kuɓewa ma tana kamuwa, kada ki maye gurbin ɗaya da ɗaya a fangali guda.

Lambun ma yana iya cutar da karen, kuma idan ya mutu a kan haka, ana kukan targaɗe sai ga karaya tsakaninki da maigida. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna lalata jinin kare. Abin da ya kai kimanin gram 75, wato ƙaramar albasa guda, ya isa ya taɓa kare mai kilo 15, kuma kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko baƙi-baƙi. Kada a shanya albasa inda zai kai, kuma ragowar miya mai albasa da yawa kada ta zama abincinsa na yau da kullum. Mafi muni shi ne fiya-fiya da Sniper da maganin ɓera. Ba su da wuri a lambun cikin gida. Kare da ya lashi irin su fiya-fiya zai yi ta dalalar da miyau, jiki na rawa, ƙwayar ido ta tsuke, ga amai da zawo. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, mai yana iya ƙara saurin shigar gubar jiki. A ɗauki kwalbar a tafi wurin likitan dabbobi nan take. Wani maganin ɓeran kuma sai bayan kwana uku zuwa biyar jini zai fara zuba, don haka ganin yana wasa washegari ba shaida ba ce.

Don darɓa da tsutsar ganye, 'ya'yan darbejiya sun wadatar: a ɓare, a daka ƙwayar rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu kaɗan don ya kama ganye, a fesa da yamma har ƙarƙashin ganyen, a maimaita duk mako. A haɗa sabo kowane lokaci, rana tana kashe ƙarfinsa.

Ba ki ambaci allura ba, kuma wannan ya dame mu. Rigakafin ciwon haukar kare ana fara shi ne daga wata uku, a sabunta duk shekara, a karɓi takardar shaida a adana. Cutar idan alamunta suka bayyana a jikin mutum ba ta da magani. Kuna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga ofisoshin likitan dabbobi na jiha. A wannan zuwan a yi masa sauran rigakafin, a ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, a riƙa maimaitawa duk wata uku, a kuma nemi na kaska. A tabbatar maganin tsutsar ya haɗa da wanda aka rubuta praziquantel a kwalinsa, shi ke kashe tsutsa mai faɗi. Wannan tsutsar kare yana samunta ne daga ɗanyen huhu ko hantar tumaki mai ƙullutun ruwa a jiki, irin wadda ake yankewa a jefa masa ranar layya. Irin wannan a binne ta da zurfi ko a ƙone, sauran kayan ciki kuma a dafa kafin a ba shi. Idan ya taɓa cizon wani ko ya yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 cur, sannan asibiti a ranar, ko da an yi masa allura.

Game da maigida, ki janye maganar "ko kare ko lambu". Ya kawo shi ne saboda tsoron abin da ya faru, kuma duk lokacin da kika ce a kore shi, abin da yake ji shi ne a bar gidan a buɗe. Ki same shi da lissafi a hannu: waya mita 12, turaku bakwai, yashi, kuɗin allura. Ki faɗa masa maganar tsutsa da yara, don uba ya fi jin wannan a kan latas. Kare nasa ne, saboda haka kwashe kashi da safe, yawon yamma da zuwa asibiti nasa ne ko na babban yaron da ya wakilta, da takalmi a ƙafa da wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Kafin shingen ya tsaya, abin da kike tsoron rasawa ki mayar da shi cikin buhu ko bokiti ki ɗora a kan benci, sauran fangalin ki kwantar da guntun waya a kansu, kare ba ya son tono inda raga ke kama masa farce. Da zarar an rufe, alayyafo zai fara ba ki ganye cikin mako uku zuwa huɗu. Kuɓewa da yakuwa ki shuka su da saukar ruwan sama, kuɓewar ta fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Tumatir da latas ki bar su sai ƙarshen damina: ki yi renon iri a Satumba ko Oktoba, ki dasa bayan mako huɗu, su yi fure a cikin sanyin hunturu.